Fizik Sai da Alƙalami a Hannu: Nasiha ga 'Yan BAC na Adakpame

'Ya'yana 'yan lise na Adakpame da unguwannin da ke kewaye da mu, da ku nake, musamman waɗanda ke ajin Tarminal a sashen C da D, da ƙannenku masu shirin BAC 1 da ke hango abin da ke jiran su gaba.

A kan darasi ɗaya nake so mu zauna, wato fizik. A takardar sakamako an haɗa shi da kimiyyar sinadarai an ba su maki guda, kuma ga ɗan sashen kimiyya makin nan yana da nauyi. In ya yi kyau ya tallafi sauran darussa, in ya lalace ya ja su ƙasa, har goma cikin ashirin ɗin da ake nema ta gagara. Na sha jin yaro ya ce mini, "Baba, ni fa fizik ba ya shiga kaina." Idan na ce ya nuna mini yadda yake karatunsa, sai ya buɗe littafi, ga fomuloli an kewaye su da jan biro, ya rufe ido ya zubo su tiryan-tiryan babu gargada. Sai in ba shi 'yar ƙaramar tambaya, in miƙa masa alƙalami. Nan hannu yake tsayawa. Kan wannan yaro lafiyarsa ƙalau, kuma ba rago ba ne. Hanyar da ya ɗauka ce ba ta kai mutum inda yake son zuwa.

Mu 'yan Zongo da hadda muka tashi. Tun kafin a kai ku makarantar boko kun zauna gaban malam da allo, kun koyi riƙe abu a ka har ya zauna daram. Wannan baiwa ce, kada wani ya raina muku ita. A fizik ma tana da wurinta: dokokin Newton guda uku, ma'anar kalmomi, sharuɗɗan da ake gindayawa kafin a yi amfani da wata ƙa'ida, duk waɗannan ana son su a ka kalma da kalma, kuma maki ne mai sauƙin samu da bai kamata ya wuce ku ba. Amma akwai abin da ya fi hadda daraja a makarantar allo, shi nake so ku ɗauko. Malam ba ya barin ka wanke allo sai ka kawo karatun da bakinka, ba tare da kallo ba. Kuma kullum ana tilawar na baya don kada ya kuɓuce. To haka za ku yi wa tambayoyin fizik. Tambayar da ka warware kana leƙen amsar malam ba ta zama taka ba tukuna. Sai ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda, ka fito da ita daga farko har ƙarshe da hannunka. Bayan mako guda ka sake dawo mata. In ta fito a karo na biyu ba tare da tuntuɓe ba, ta zauna.

Bari mu yi guda tare, don magana ta fito fili. Ɗan zem, mai babur na haya, ya ɗauko ka a titin bakin teku yana gudun kilomita 36 a awa. Wani ya gitta, ya taka birki. A ce birkin yana rage masa gudun mita 5 a sakan cikin kowane sakan. Mita nawa zai ja kafin babur ya tsaya? Abin farko, kada ka taɓa fomula. Dubi ma'aunai: gudun yana cikin kilomita da awa, birkin yana cikin mita da sakan, ba za su shiga lissafi ɗaya ba sai ka daidaita su. Kilomita 36 mita 36,000 ne, awa ɗaya sakan 3,600 ce, ke nan yana cin mita 10 a kowane sakan. Yanzu ka ninka gudun da kansa, 100 ke nan, ka raba da ninkin biyu na ƙarfin birkin, wato 10. Amsa mita 10. Wanda ya yi gaggawa ya zuba 36 kai tsaye zai samu kusan mita 130, abin da ya fi tsawon filin ƙwallo. Da ya ɗan dakata ya tambayi kansa ko ya taɓa ganin babur mai tafiya a hankali ya ja birki tsawon filin ƙwallo, da ya gane akwai gyara.

Kada ka tashi a nan, domin daɗin yana gaba. Ninka gudun ya koma kilomita 72 a awa, mita 20 a sakan. Lissafin zai ba ka mita 40. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. In ruwa ya jiƙa kwalta har kamun birki ya ragu da rabi, mita 80 ne. Yaron da ya ga wannan da idonsa a kan takarda ba zai ƙara manta cewa gudun nan ana ninka shi da kansa ba, kuma ina fata zai riƙa cewa ɗan zem ya sassauta.

Daga wannan 'yar tambaya akwai ɗabi'un da nake so su zame muku jiki. Ku zana hoto kafin komai, ko da mummuna ne: abin da ke motsi, kibiyoyin da ke nuna kowane ƙarfi da ke aiki a kansa, da inda kuka zaɓa ya zama gaba. Rabin tambayoyin motsi a zanen nan suke warwarewa. Ku riƙe haruffa har ƙarshen aiki, sai a layin ƙarshe ku zuba lambobi, domin mai duba takarda yana bin sawun tunaninku yana ba da maki a kowane mataki, ko da lambar ƙarshe ta kauce. Kada amsa ta fita tsirara babu ma'auni a gefenta. Sannan kalkuleta: kafin ku fara aiki ku danna sin 30. In ta ba da 0.5 tana kan digiri. In kun ga wata lamba mai alamar ragi, tana kan radiyan, kuma duk kusurwar da kuka lissafa da digiri za ta fito a karkace. Sakan biyar ne wannan dubawa, amma ta ceci takardu da yawa.

Wani abin da ke sa fizik ya yi wa yaro nauyi shi ne ɗaukar sa kamar labarin wata ƙasa mai nisa, alhali a tsakiyarsa muke kwana muke tashi. Mu da ke wannan ɓangare na Lome, tashar jiragen ruwa tana kusa da mu, da yawa daga cikin iyayenku da yayyenku a can ko a gefenta suke neman abinci. Ka dubi ƙugiyar nan da ke ɗauke kwantena daga cikin jirgi. A ce kwantenar tan 20 ce, an ɗaga ta mita 30. Kilo 20,000 sau 10 sau 30, jul miliyan 6. Lamba ce mai ban tsoro, amma ka juya ta zuwa ma'aunin da mitar wuta ta kash pawa ta gidanku ke ƙirgawa: kilowat-awa ɗaya jul miliyan 3.6 ne. Ke nan, in an ajiye abin da injin ke ɓatarwa a zafi da gogayya, ɗaga wannan ƙatuwar kwantena bai kai kilowat-awa biyu ba. Dutsen guga mai wat 1,000 da ya yi awa biyu yana jan wuta ya fi shi ci. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa wutar gida take saurin ƙarewa ranar guga da ranar da aka jona abin dafa ruwa: zafi yana da tsada. To me ya sa ƙugiyar take buƙatar ƙaton inji? Saboda lokaci. In cikin minti ɗaya ta yi aikin, wat 100,000 take buƙata, daidai da dutsen guga ɗari a kunne lokaci guda. Bambancin makamashi da ƙarfin aiki ke nan, wanda ɗalibai da yawa suke cakuɗawa har ranar jarrabawa.

Haka babin maganaɗisu da naɗin waya, wanda nake ganin ya fi kowane babi ba ku tsoro. Abin da Michael Faraday ya gano a Landan a 1831 shi ne, in maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta tana tasowa a cikinta. Da wannan ne madatsar ruwa ta Nangbeto a kan kogin Mono, wadda ta fara aiki a 1987, take ba Togo da Benin wuta. Da shi ne Akosombo ta Gana take aiki tun 1965, da shi ne janaretan mai shagon kusa da ku yake kunna fitila. Ku je wurin mai gyaran fanka, ku gaishe shi da ladabi, ku roƙe shi ya nuna muku cikin inji: ga jan ƙarfe a naɗe, ga ƙarfen da ke juyawa, ga 'yar kwandansa da in ta mutu fanka sai an tura ta da hannu. Wataƙila bai san fomular ba, amma ya san abin, kai kuma ka san fomular ba ka taɓa ganin abin ba. Zaman rabin awa a shagonsa zai buɗe maka shafuka da yawa.

Na san ba kowace makaranta ke da ɗakin gwaji mai kayan aiki ba, kuma na san yawan ku a aji ɗaya. Wannan damuwa ce ta gaske. Sai dai wasu gwaje-gwajen ba sa buƙatar kuɗi. Zare mai tsawon mita ɗaya, ƙaramin dutse a ƙarshensa, agogon waya: ka ɗan ja shi gefe ka saki, ka ƙirga zuwa da dawowa sau goma, za ka samu kusan sakan 20. Daga nan da fomular da ke littafinka za ka fitar da lambar nan 9.8 da kullum ake ba ka a saman tambaya, wannan karo da hannunka ka auno ta. Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya rayu a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa ya yi nazarin yadda haske ke tafiya a miƙe, ya tabbatar cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ya rubuta Kitabul Manazir. Kayan aikinsa ba su fi ƙarfin ɗan Adakpame ba.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ba a cika faɗa muku ba. A gida Hausa kuke yi, a titi da kasuwa ku yi Mina ko Ewe, wasunku har da Kotokoli ko Zabarmanci, sannan a zo jarrabawa da Faransanci. Sau da yawa yaro ya san fizik ɗin, jimlar tambayar ce ta kayar da shi. In an ce ka faɗi doka, a ka ake son ta. In an ce ka nuna yadda aka samo ta, matakai ake so. In an ce ka ciro amsa daga abin da ya gabata, to kada ka sake sabon lissafi, amsar tana rataye da wadda ka gama. Ku karanta kowace tambaya sau biyu, ku ja layi ƙarƙashin abin da aka ba ku da abin da ake nema. Kuma ga gwajin da ba ya ƙarya: ka zaunar da ƙanenka ko ƙanwarka, ka yi masa bayanin darasin da Hausa. Inda bakinka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba, koma can. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, saboda haka gobe ka tambayi malam a aji ko da abokai za su yi dariya. Rabin masu dariyar su ma ba su gane ba, za su gode maka a zuci.

Game da tsarin lokaci ba zan tsawaita ba, kowa ya san gidansu. Abin da na gani yana aiki shi ne kaɗan kullum. Awa ɗaya bayan sallar asuba, kafin unguwa ta tashi da hayaniya, ta fi awa huɗu na tsakar dare da ido yana lumshewa. Tun daga hutun Disamba ku fara neman tsofaffin takardun BAC na shekarun baya. Ku zauna da guda, ku duba lokacin da aka rubuta a samanta, ku ajiye agogo, ku kashe waya, ku yi ta kamar ranar ce. In kun gama ku duba gyara, ku keɓe littafi guda da za ku riƙa rubuta kurakuranku a ciki da dalilin kowanne. A makon ƙarshe wannan littafi zai fi muku kowane littafi amfani. Kada kuma ku yi watsi da ɓangaren sinadarai: lissafin pH da babin alkol da esta suna da hanya sananniya, wanda ya saba da ita yana tara maki kafin ya shiga ɓangaren da ya fi wuya. Karatun rukuni yana da kyau in kun kasance uku ko huɗu, da allo da alli, kowa ya fito ya yi. Ku haɗa da abokan ajinku da ba 'yan Zongo ba, kowa da abin da Allah ya hore masa.

Idan jarrabawa ta matso za ku ga saƙonni suna yawo a WhatsApp, wai ga takardar ta fita, a turo kuɗi. 'Ya'yana, ku nisanci wannan. Mafi yawansu damfara ce, wanda kuma aka kama da waya ko takarda a ɗakin jarrabawa ya zubar da wahalar shekara goma sha uku, ya jawo wa iyayensa abin kunya. Ko da ba a kama shi ba, ya ci abin da ba nasa ba, kuma jami'a za ta tone shi a shekarar farko. Addu'a kuwa ku yi ta, ku nemi ta iyaye da ta malamai, ni ma ina yi muku. Amma kada wanda ya ce muku akwai abin sha ko na shafawa da zai sa babin da ba ku karanta ba ya sauko a ka.

Jarrabawarku tana faɗowa cikin damina, kun kuma san yadda ruwa yake yi wa unguwarmu. Littattafai da takardar shiga jarrabawa da katin shaida su kwana a cikin leda, a wuri mai tudu. Ku je ku ga makarantar da za ku rubuta tun kafin ranar, ku san hanya biyu ta zuwa. Daren jarrabawa ku yi barci, ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗaki kuma, ku karanta takardar gaba ɗaya kafin ku fara, ku soma da abin da kuka fi iyawa, in wata tambaya ta ƙi ku bar mata fili ku wuce. Kada ku fita kafin lokaci ya cika.

Wataƙila wani a cikinku yana cewa a ransa, "Ni da kasuwa zan shiga, me fizik zai yi mini?" Kasuwa gadonmu ce, ba na raina ta, da ita aka ciyar da mu. Amma manyanku sun ga yadda aka tashi tsohon Zongo na tsakiyar Lome a 1977 aka mayar da mutane Togblekope, kuma kun ji labarin gobarar babbar kasuwa a Janairun 2013. Gidan da ke da ɗan kasuwa da injiniya da likita ya fi jure irin waɗannan ranaku. BAC na kimiyya yana buɗe ƙofar tsangayar kimiyya da ta likitanci a Jami'ar Lome, da Jami'ar Kara, da makarantar zanen gine-gine ta EAMAU da ke nan Lome, da makarantar harkar jiragen sama da yanayi ta EAMAC a Yamai. Kuma akwai wanda ya riga ku bin wannan hanya daga ƙasar da kakannin da yawanku suka fito. Abdou Moumouni a Tasawa aka haife shi a 1929, cikin yankin Maraɗi. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya wuce Faris, a 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fizik. Daga 1969 ya jagoranci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da zafin rana, tun lokacin da mutane kaɗan ne suka ɗauki abin da muhimmanci. Ya shugabanci jami'ar Yamai, ya rasu a 1991, yau jami'ar sunansa take ɗauke da shi. A 2021 Togo ta buɗe babbar tashar wutar rana a Blitta, kuma ga faranti a kan rufin gidaje da masallatai ko'ina. Masu lissafa su da girka su da gyara su daga cikin irinku za a samo su.

Ke 'yata da ke sashen C ko D, kada ki saurari mai cewa wannan karatun maza ne. Na ga 'yan mata da suka fi kowa tsabtar aiki da natsuwa a lissafi. Abin da ke kayar da su ba ya wuce rashin lokaci: ɗebo ruwa, girki, wanke-wanke, talla, rainon ƙanne, sai dare ya yi a buɗe littafi da gajiya.

Saboda haka maganata ta ƙarshe ga iyaye take. Alhaji, Hajiya, daga watan Maris zuwa ranar da za a ajiye alƙalami, ku sauke wa ɗan Tarminal jiran shago, ku sauke wa 'yar Tarminal tukunya da talla. In babbar Sallah ta faɗo kusa da jarrabawa, to a raba aikin layya a tsakanin sauran yara, a bar su da littafinsu. Ku saya musu kalkuleta tun farkon shekara don hannu ya saba da ita, ku tabbata akwai fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. Masu hali da shugabannin masallatanmu kuma, ina roƙon ku da ɗaki ɗaya mai haske da allo da benci, wanda za a buɗe wa yaran nan tsakanin Magariba da ƙarfe goma, a nemi ɗaliban jami'a 'yan unguwa su riƙa zuwa suna duba su ko da sau biyu a mako. Kuɗinsa bai kai na bikin suna ɗaya ba. Allah ya buɗa muku ƙwaƙwalwa, 'ya'yana, ya ba ku sa'a, ya sa mu ji sunayenku ranar da za a karanta sakamako.